KYAMARAR TSUNTSAYE A BAYAN GIDA: AMFANINTA DA SHARUƊƊANTA

 Ga wata magana wadda a farkon ji za a ɗauke ta wasan yara ce. Amma in an zauna an auna ta, sai a tarar akwai haƙƙi uku a cikinta: haƙƙin tsuntsu, da haƙƙin maƙwabci, da haƙƙin ilmi.

Maganar kuwa ita ce ta wata 'yar na'ura mai ɗaukar hoto, watau kyamara, wadda mutanen Ingila da na Amurka su ke kafawa a bayan gidajensu, kusa da inda su ke zuba wa tsuntsayen dawa tsaba da ruwa. Girmanta bai fi tafin hannu ba. Tana da wani ɗan ido mai jin motsi da ɗumin jiki, da zarar tsuntsu ya sauka gabanta sai ta farka ta ɗauki hotonsa, ko ta ɗauki motsinsa na ɗan lokaci, sa'an nan ta koma barci. Wata da batir ta ke aiki, wata da faifan hasken rana. Wata tana ajiye hotunan a cikin ɗan katin da ke cikinta, wata kuwa tana aika su ta intanet zuwa wayar mai gida, ko yana kasuwa ko yana kan hanya. Har akwai waɗanda a ka koya musu gane tsuntsu, su faɗi sunansa. Tun da hajar duniya ba ta da iyaka a zamanin nan, abin da ya shiga kasuwar London ba ya daɗewa bai iso Kano da Maraɗi ba. Saboda haka ya kamata a yi maganarsa tun bai zama ruwan dare ba.

Da farko a san cewa kallon tsuntsaye a ƙasashen nan ba zaman banza ba ne. A Amurka dā akwai wata al'ada, ran Kirsimati mutane su kasu ƙungiya biyu su fita daji, wanda ya fi kashe tsuntsaye da namun daji shi ya ci. A shekarar 1900 wani masanin tsuntsaye, Frank Chapman, ya ba da shawara a bar kisa a koma ƙidaya. Mutum 27 suka amsa, suka yi ƙidaya a wuri 25. Tun daga wannan shekara ba a fasa ba. A Ingila kuma, ƙungiyar kare tsuntsaye da a ke kira RSPB ta fara wani abu a 1979: ƙarshen watan Janairu kowace shekara mutum ya zauna sa'a guda a bayan gidansa, ya rubuta tsuntsayen da suka sauka, ya aika. Dubban ɗaruruwan mutane su ke yi. Da irin wannan lissafi ne a ka tabbatar cewa gwarar ƙasarsu, wadda kowa ya raina don yawanta, ta ragu fiye da rabi. Ba don rubutun talakawa masu zama a ƙofar ɗaki ba, da sai dai a riƙa cewa ana jin kamar ta ragu, wani ya ce a'a, a tashi ba hujja.

To, a nan ne maganar ta shafi ƙasar Hausa. Duk dattijon da ya haura shekara hamsin ya san lokacin da ungulu ke cika mahauta da kan katangar kasuwa, har sai an kore su da sanda. Yau yaro zai iya girma a birni bai taɓa ganin ungulu ba. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu ta sa irin ungulun nan na cikin gari a jerin waɗanda ke gab da ƙarewa. Gauraka, wanda kukansa ke cika fadama dā, yanzu ganinsa ya zama labari. Amma in an tambaya wace shekara suka fara raguwa a gari kaza, nawa suka rage, ba mai takardar da zai nuna. Abu ya ɓace a gaban idon jama'a, ba wanda ya rubuta. Ɗan kasuwa ya san hatsarin dukiyar da ba a lissafinta: sai ta ƙare kafin mai ita ya farga.

Har wa yau, tsuntsayen Turai da na ƙasar nan ba a rabe su ke ba. A 1822, kusa da wani gari Klütz a ƙasar Jamus, an harbo wata babbar shamuwa fara, a ka tarar da mashi irin na Afirka soke a wuyanta. Da shi ta ƙetare hamada da teku. Har yau tana nan a ajiye a Jami'ar Rostock. Kafin wannan, akwai masanan Turai da su ke zaton tsattsewa cikin laka ta ke shiga ta yi barci in sanyi ya zo, don ba su san inda ta ke tafiya ba. Akwai kuma wata 'yar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro, ba ta kai gwara nauyi ba, tana ƙyanƙyasa a Turai, ta zo ta yi rani a ƙasashen bakin hamada. Masu bincike da suka zauna a Malam Fatori, bakin tafkin Chadi, cikin shekarun 1960, sun ga irin waɗannan baƙi suna cin 'ya'yan itacen asuwaki su yi kitse kafin su kama hanyar arewa. Da ruwan sama ya gaza a bakin hamada a 1968, shekara mai zuwa masu ƙidaya a Ingila suka tarar fiye da kashi biyu cikin uku na wannan 'yar tsuntsuwa ba su komo ba. Watau tsuntsu ya kai wa Bature labarin farin da ke tafe, tun kafin babbar yunwar 1973 ta sa duniya ta waiwayo. Wanda ke lissafin tsuntsu, lissafin ƙasarsa ya ke yi, da ruwanta da itatuwanta. Manomi ma ya san haka, tun da ganin shamuwa ya ke fara gyaran gona.

Amfanin kyamara a nan shi ne haƙuri. Mutum yana da makaranta, yana da rumfa, ba zai wuni gaban kasko ba. Kuma tsuntsu yana gudun mutum. Ita kuwa ba ta gajiya, ba ta motsi, ba ta ƙari a labari, kuma tana rubuta rana da sa'a a jikin kowane hoto. Mai gida zai yi mamakin baƙin da ke shiga gidansa bai sani ba: kurciya da hasbiya da hantsi, baiwar Allah da gwara duk yini, kabare in yana saƙa kusa, wani lokaci har cilakowa ko alhudahuda.

Sai dai akwai masu ƙi, kuma ba a raina hujjarsu ba.

In wani ya ce, ai wannan hoto ne na abu mai rai, jawabi shi ne malamai sun yi saɓani a kan hoto, kuma kowa ya san inda ya ke karɓar fatawa. Amma a tuna, a mazhabar Malikiyya abin da a ka tsananta a kansa shi ne sura mai jiki cikakkiya wadda ke da inuwa, kamar gunki. Abin da ke shimfiɗe a takarda hukuncinsa ya fi sauƙi. Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya riƙe muftin Masar, ya rasu a 1935, ya rubuta risala musamman a kan hoton na'ura, ya tafi a kan halascinsa, bisa hujjar cewa tsare inuwar abu ne kamar yadda madubi ke yi, ba ƙaga sura ba. Asalin hikimar ma ba baƙuwa ba ce ga malamai. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayanin yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta 'yar ƙofa ya zana abin da ke waje a bango. Kalmar kyamara kanta daga sunan ɗakin nan mai duhu ta fito. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya bar na'ura ya ɗauki alƙalami, ba abin da ya rage masa sai sauƙi.

In wani ya ce, wannan aikin wanda ya ƙoshi ne, mutane na neman na tuwo ana maganar ciyad da tsuntsu, jawabi shi ne gaskiya ne, wanda maƙwabcinsa ke kwana da yunwa ba shi da hujjar sayen kyamara. Amma kaskon ruwa ba ya cin kuɗi. Cikin watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce awo 40 a Sakkwato da Nguru da Maiduguri, kududdufai sun ƙafe, kowa ya taɓa ganin kurciya baki buɗe tana neman ɗigon da ya zuba a wurin alwala. Ladan shayad da mai rai kuwa ba sai an karanta wa malamai shi ba. Nazarin dabbobi ma ba sabon abu ba ne ga ma'abota littafi: al-Jahiz ya yi a Basra cikin ƙarni na 9, al-Damiri ya yi a Masar, ya rasu a 1405, kuma littafinsa sananne ne a zaurukan ƙasar nan.

In manomi ya ce, za a tara masa jan-baki su cinye gero, wannan ƙorafi yana da nauyi, gama jan-baki ta fi kowane tsuntsun dawa yawa a duniya, kuma ɓarnarta a gonakin Yobe da Barno da Jigawa ba ɓoyayya ba ce. Amma yawanta ba daga kaskon gida ya ke ba. Abincinta na asali tsabar ciyawar daji ce, tana tafiya garke-garke tana bin ruwan sama. Tafi ɗaya na dusa a bayan ɗaki ba ya ƙara ta ba ya rage ta. Duk da haka, wanda gidansa ke bakin gona ya tsaya ga ruwa kaɗai in hatsi ya fara ido, ya ajiye zuba tsaba sai an yi girbi.

To, ga sharuɗɗan da in babu su barin abin ya fi yinsa.

Na farko, haƙƙin maƙwabci da na iyali, kuma shi ne mafi girma. Gidan Bature a buɗe ya ke, da fili da ciyawa a bayansa. Gidan Bahaushe kuwa tsakar gida wurin mata ne, nan a ke daka, nan a ke wanka da wanki, nan a ke zama ba lulluɓi. Kyamara ba ta san bambancin kurciya da matar gida ba, duk abin da ya gifta ɗauka ta ke yi. Da yawansu suna ɗaukar murya kuma. Waɗanda ke aiki da intanet galibi suna ajiye hotuna a rumbun kamfani a wata ƙasa, inda mai gida ba ya gani. Waya kuma tana ɓata, ana sace ta, yara suna ɗauka. Saboda haka a kafa ta a lungun da mutane ba su bi, a juya idonta ga bango ko ga ƙasa, ta yadda ba abin da zai shiga cikinta sai kasko da abin da ke kewaye da shi. Kada a ɗora ta kan katanga ko kan soro inda za ta hango gidan wani. Kada ta dubi hanyar rijiya ko makewayi. A gaya wa mutanen gida duka inda ta ke, a kashe mata kunne in tana da shi, a canja mabuɗin sirrin da ta zo da shi daga kamfani. Hani ga leƙen asirin mutane sananne ne, kuma ba ya faɗuwa don an ce tsuntsu a ke nema. Wanda ya fake da kurciya ya leƙa gidan maƙwabci, ya san abin da ya aikata.

Na biyu, haƙƙin tsuntsu. Wanda ya kira baƙo ya ɗauki nauyin lafiyarsa. Kaskon ya zama mai faɗi marar zurfi, ruwan kada ya wuce gaɓar yatsa biyu, a sa 'yan duwatsu a ciki don ƙananan su sami wurin tsayawa. A ajiye shi a inuwa, kusa da itacen da za su gudu in shaho ya kawo bara, amma da ɗan rata daga duhuwa ko tarin itace inda kyanwa za ta laɓe. A ɗaga shi daga ƙasa in da hali. Kada a sa shi gaban taga mai gilashi, gama tsuntsu ba ya gane gilashi, yakan buga kansa ya mutu. A zubad da ruwan kullum, a goge kaskon, a bar shi ya sha rana. Dalili biyu ne. Ɗaya, ruwan da ya kwana bakwai zuwa goma a wuri guda ya isa sauro ya ƙyanƙyashe. Ɗaya kuma, cuta. A Ingila tun 2005 wata cutar maƙogwaro wadda masu kiwon tattabaru suka sani ta faɗa wa wani ƙaramin tsuntsu mai koren gashi, tana yaɗuwa ta wurin ci da sha da mutane suka tanadar, har a 2021 a ka sa shi cikin jerin waɗanda a ke tsoron ƙarewarsu a ƙasar. Alheri ne ya koma sharri saboda rashin wanki. Tun da kurciya da tattabara su ne masu ɗauke da wannan cuta, kuma su ne manyan baƙin kasko a ƙasar nan, gargaɗin ya fi ƙarfi. In an ga tsuntsu ya kumbura gashi, yana ƙoƙarin haɗiya ya kasa, a ɗauke kasko da tsaba na mako biyu ko fiye. A raba kuma wurin shan tsuntsun dawa da na kaji da agwagi, domin murar tsuntsaye da ta fara ɓulla a jihar Kaduna a 2006 ta koya wa masu kiwo darasi mai tsada. Tsaba kuwa, gero ko dawa ko dusa, a zuba daidai abin da za a cinye a wuni. Kada a ba da wadda ta yi fumfuna, kada a bar saura ta kwana ta kira ɓera. A kuma ja wa yara kunne: wurin nan hurumi ne, ba danko, ba asuta. Tara tsuntsu da ruwa don a kama shi cin amana ne.

Na uku, kafa ita na'urar. A ɗaure ta gam a jikin gungume ko bango, ba a reshen da iska ke kaɗawa ba, in ba haka ba sai ta cika da hoton ganye, batir ya ƙare a banza. Tsayinta ya yi daidai da bakin kasko, tsakaninsu kamar kamu biyu ko uku, a gwada a gani, gama wata tana ganin kusa sosai, wata sai an ja da baya. Kada ta fuskanci gabas ko yamma, hasken hantsi da na la'asar zai kashe mata ido, a juya ta arewa ko kudu. A yi mata 'yar rumfa saboda rana da ruwa, domin zafin bazara yana lalata batir. Lokacin hunturu a riƙa share idonta da ƙyalle mai laushi saboda ƙura. Sa'an nan a yi haƙuri, tsuntsu yakan yi kwanaki yana tsarguwa da sabon abu kafin ya saki jiki.

Ga 'yan kasuwa masu niyyar shigo da wannan haja, kalma ɗaya. A faɗa wa mai saye gaskiya: wace ce ke bukatar intanet, wace ce ke aiki da kati kaɗai, wace ce kamfaninta ke karɓar kuɗi wata-wata bayan an saya. A faɗa masa kuma cewa gane sunan tsuntsu da a ke talla da shi, da tsuntsayen Turai da Amurka a ka fi horad da na'urar, tana iya ganin kabare ta kira shi da sunan wani. Mai aiki da kati ita ta fi dacewa da gidan Bahaushe, don hoto ba ya fita gida sai mai shi ya fitar. Ɓoye aibin haja ba ciniki ba ne.

Ga malamai kuma, a nan haƙƙin ilmi ya ke. Hoton da ya zauna a waya ana nuna wa abokai ba shi da wata fa'ida mai ɗorewa. Fa'ida tana cikin rubutu. A samu littafi guda, a sa almajiri mai natsuwa ya riƙa sauya ruwa da safe, ya rubuta kwanan wata, da sunan tsuntsun da a ka gani, da yawansa, da ranar da shamuwa ta fara sauka a gari, da ranar da tsattsewa ta ɓace. Ya rubuta da ajami, da sunan da tsofaffi ke kiran kowane tsuntsu, gama sunayen ma suna mutuwa tare da masu saninsu, yaran birni duk ɗan ƙarami tsuntsu kawai su ke ce masa. Irin wannan rubutu yana da masu nema. Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da a ka kafa a 2001 a Laminga kusa da Jos, kuma tun 2015 a ka fara aikin tattara labarin inda kowane tsuntsu ya ke a Nijeriya, da taimakon mutanen gari masu sa kai. Makarantun allo sun bazu ko'ina, daga Agadas har Yola. Da kowace goma za ta sami guda mai littafin tsuntsaye, da cikin shekara ashirin an tara ilmin da ba wata jami'a da za ta iya tarawa ita kaɗai.

Alhasili dai, a bi abin bisa tsarinsa. Kasko mai tsabta shi ne farko, alƙalami na biyu, kyamara ta uku. Mai kasko ba kyamara ya shayar, ya sami rabonsa. Mai kyamara ba tsabta ya cuci tsuntsu, mai kyamara ba kunya ya cuci maƙwabci. Bazara tana tafe kowace shekara, kuma fasasshiyar tukunya ba ta wuyar samu a gida. Kafin zafi ya kama, mai gida ya zaɓi lungu, ya sa a ajiye kasko, ya ba yaro guda amanar ruwansa. Allah ya sa a gane, ya kiyaye mutuncin gidaje, ya shayad da mai shayarwa. Wassalam.